Yadda Ake Bibiyar Ɗan Kwangilar Wanke Banɗakin Jama'a a Gusau

Na yi shekaru ina aikin duba-gari a Gusau, kuma a farkon aikina babu abin da ya yaudare ni kamar ƙamshin Izal. Ranar da aka fara tura ni duba banɗakin wata tashar mota, tun daga bakin ƙofa ƙamshin ya tarbe ni. Ƙasa a jiƙe sharaf, butoci a jere, mai wanki yana tsaye da tsintsiya kamar mai jiran fareti. Na rubuta "wuri tsaf", na koma ofis. Bayan kwana uku tafiya ta kama ni zuwa Funtuwa, na iso tashar ana idar da sallar asuba, na ce bari in kama ruwa kafin mota ta cika. Ko ƙofar farko ban iya wucewa ba. Duro babu ko ɗigo, ɗaki biyu sun toshe sun tumbatsa, mutane sun koma bayan katanga suna tsugunawa. Daga baya na gano ashe da babur ɗina ya shigo tasha, wani ɗan kamasho ke rugawa ya kai labari, a watsa ruwa da Izal kafin in gama gaisawa da shugabannin tasha.

Wannan bayani na wanda aka ɗora wa sa ido ne, ko duba-gari, ko ɗan kwamitin kasuwa, ko sakataren ƙungiyar direbobi, ko kwamitin masallacin Juma'a da ya ba wani kwangilar wanke makewayinsa. Jadawali na huɗu na kundin tsarin mulkin 1999 ya sa samar da banɗakin jama'a da kula da shi cikin ayyukan ƙaramar hukuma, tare da kasuwanni da tashoshin mota, kuma a nan Gusau hukumar tsabtace muhalli ta jiha, ZESA, tana da hannu a tsabtar gari. Amma ko wa ya ba da kwangilar, mutum ɗaya ne zai taka wurin da ƙafarsa ya shaƙa da hancinsa.

Takarda kafin tafiya

Ka nemi takardar kwangilar ka karanta da kanka. Yawancin waɗanda na gani layi ɗaya ne ke magana kan aikin: "zai riƙa tsabtace banɗaki yadda ya kamata." Da wannan layin ba ka iya kama kowa, don yadda ya kamata a wurinka daban, a wurinsa daban. In haka ka tarar, a yi ƙarin takarda ko da shafi ɗaya, kowa ya sa hannu, a rubuta abin da ake iya ƙirgawa. Ƙarfe nawa ake buɗewa, ƙarfe nawa ake rufewa. Sau nawa ake babban wanki a rana. A tasha ni uku nake so, kafin asuba, kafin azahar, da bayan magariba. Ma'aikata nawa, mata nawa a cikinsu. Wane magani ake sawa. Cikin awa nawa za a buɗe ɗakin da ya toshe.

Abu uku ke kawo rigima, lalle a rubuta mai su: ruwa, gyara, da yasar rami. In rijiyar burtsatse ta tsaya, wa zai biya 'yan garuwa? In kan famfo ya karye, wa zai saya? In sokawe ya cika, aljihun wa za a taɓa? Duk wanda aka bari ba a rubuta ba, ran da ya ɓaci kowa zai ce ba nasa ba ne.

Ka kuma san irin kwangilar. Akwai wanda hukuma ke biya duk wata, shi linzaminsa kuɗin watan ne. Akwai kuma wanda ke karɓar kuɗin shiga a bakin ƙofa, ya ba hukuma kasonta. Wannan na biyun ba ka riƙe da kuɗinsa, sai dai barazanar ƙwace wurin, kuma halinsa daban: ya fi kula da ɗakunan wanka don sun fi kawo kuɗi, ya yi ƙwauron ruwa a ɓangaren bahaya. A irin wannan kwangilar a rubuta farashi, a manna a bango, a kuma faɗi matsayin yara da almajirai. Yaron da ba shi da ko sisi ba zai riƙe cikinsa ba, bayan ginin zai zagaya.

Ranar miƙa wuri ku zagaya tare da ɗan kwangila, ku ƙirga komai, butoci, bokitai, kawunan famfo, ƙofofi masu sakata, ƙwayayen fitila, tanki, injin jan ruwa. Ka ɗauki hoton kowane ɗaki, ka sa wa ƙofofin lamba da fenti. Ba da lamba ba, rahotonka zai zama "wani ɗaki ya toshe", shi kuma ya ce wanne?

Lokacin zuwa

Kada kowa ya san ranar zuwanka, har abokin zamanka na ofis. Ni nakan rubuta ranakun mako a 'yan takardu in dunƙule in zari biyu, don kada ƙafata ta saba da wata rana a gane ni. Ka ajiye babur nesa, ka shigo a ƙasa, banɗaki za ka fara nufa, gaisuwa da sarkin tasha ta biyo baya. Zai ɗan ji haushi a karon farko, ka ba shi haƙuri.

Ka je lokacin da wurin ke shan wuya. A tasha bayan asuba ne, sa'ad da motocin Sakkwato da Zariya ke lodi. A kasuwa irin ta Tudun Wada daf da azahar ne, kowa na neman kama ruwa ya yi alwala. Ranar Juma'a tana da nata cunkoson, haka ranar cin kasuwa a garuruwa irin Talatar Mafara. Sau ɗaya a wata ka je bayan isha'i, a nan za ka san ko fitila na aiki. Zuwa takwas a wata ya isa ka san gaskiyar wuri.

Ka fara ta baya

Kafin ka shiga, zagaya ginin. Bayan katanga ne ke faɗin gaskiyar ciki. In ka ga sabon kashi a can alhali ƙofa na buɗe, to akwai abin da ya kori mutane: ko ƙazanta, ko rashin ruwa, ko tsada. A 2019 Shugaba Buhari ya sa hannu a dokar shugaban ƙasa mai lamba 009 don a daina bahaya a fili kafin 2025, Jigawa ta zama jihar farko da aka ayyana ta daina a 2022. Ana ta ƙirga banɗakunan da aka gina, ba a ƙirga waɗanda ƙazanta ta mayar da masu shigarsu bayan katanga.

Duba murfin sokawe, ko ya tsage. Duba ƙasan da ke kewaye da shi: in akwai danshi baƙi, ko ciyawa shar a watan Maris, rami na yoyo. Ɗaga kai ka ga bututun fitar da iska, ragar da ke bakinsa tana nan ko ta cinye. Bi kwatar da ruwan wanka ke fita ka ga inda ta nufa, musamman in akwai masu abinci kusa.

Ruwa

A nan nake daɗewa, don banɗakin da ba ruwa ba ya wankuwa ko mai wankin waliyyi ne. Kada ka tambaya ko akwai ruwa, murɗa kowane famfo. Ƙwanƙwasa tanki daga sama zuwa ƙasa, inda ƙarar ta sauya nan ruwa ya tsaya. Na sha tarar da tanki cike amma an ɗaure makunnin da waya, wai mutane na ɓarna. Rijiya ta ba da ruwa, guga ya hana.

Sannan ka yi lissafi. Tsarki na cin lita ɗaya zuwa biyu, kora kashi lita uku, wanke hannu lita ɗaya. Ka ɗauka lita 6 ga mutum guda. In mutum 300 ke shiga a rana, lita 1,800 ke nan, jarka 72 mai lita 25, ban da wanke ƙasa, ban da masu wanka. Yawan masu shiga kuwa, ka zauna wurin mai shayi awa guda da safe, awa guda da rana, ka ƙirga. Sai ka nemi mai garuwar da ke kawo ruwa, shi za ka tambaya kura nawa yake saukewa a rana, ba ɗan kwangila ba. In lissafi ya ce jarka 70, mai garuwa ya ce 20, ka riga ka san yadda ɗakunan suke a ranakun da ba ka nan. Wannan binciken ya fi amfani daga Maris zuwa Mayu, lokacin da ruwa ke tsada a Gusau, kuma lokacin ne ake fara rage shi a ɓoye.

Sabulu a wurin wanke hannu, ya kasance an taɓa shi. Sabon sabulu mai tambarinsa raɗau a busasshen faranti domin ka aka ajiye shi.

Cikin ɗakuna: sabon datti da tsohon datti

Abin da ya fi komai muhimmanci ka iya shi ne rarrabe dattin yau da na makon jiya. Mutum na iya shiga minti biyar bayan wanki ya ɓata wuri, wannan ba laifin ɗan kwangila ba ne, in ka ci shi tara a kai ka zalunce shi. Tsohon datti shi ne shaida. Rawayan daskararren abin nan da ke bakin masai, gansakuka a gindin bango da ƙarƙashin buta, yanar gizo-gizo a kusurwa, zarnin da ya kama siminti. Ƙwan ƙuda kan ƙyanƙyashe cikin kwana ɗaya, don haka tsutsa kaɗai ba ta nuna daɗewa, amma in ka ga 'yan ƙwanso masu ruwan ƙasa kamar ƙwayar shinkafa a lungu, tsutsar ta yi kwanaki a wurin ba wanda ya taɓa ta.

Shiga kowane ɗaki, ka rufe ƙofa, ka dubi bayanta, nan tsintsiya ba ta zuwa. Zuba bokiti guda a masai ka tsaya ka gani. In ruwan ya wuce fuu ya bar ɗan kaɗan a maƙogwaron, lafiya. Wannan ɗan ruwan shi ke tare wari da ƙuda. In yana tafiya a hankali yana kumfa, toshewa na tafe, galibi ledar fiya wata ce, ko tsumma, ko hogen masu tsarki da shi. In kuwa babu ruwan da ya tsaya sam, an fasa maƙogwaron da rodi garin buɗe toshiya, kuma wannan gyara ne, ba wanki ba.

Ɗakin da aka garƙame da kwaɗo, a buɗe maka. "Mai makulli ya fita" amsa ce da za ka ji sau da yawa. Ka rubuta shi a matsayin wanda ba ya aiki.

Wata 'yar dabara: ka ja layi da alli a gindin bango bayan ƙofar ɗaki biyu ko uku, kada kowa ya gani. Ka dawo washegari. In allin na nan, ka san iyakar inda burushi ke kaiwa.

Ɓangaren mata kada ka shiga kai kaɗai. Tafi da abokiyar aiki, ko ka roƙi shugabar mata 'yan kasuwa ta duba maka. Ta duba sakata, da fitila, da huji a ƙofa ko bango, da kwandon shara mai murfi don audugar mata, wadda in babu inda za a jefa ta masai za ta tafi. Ta kuma lura ko maza sun kafa benci suna hira daidai ƙofar. Na ga ɓangaren mata tsaf kamar ba a taɓa shiga ba, ashe dalilin ke nan, ba mai shiga.

Magani

Ka ce a kawo maka abin da ake wanki da shi, a haɗa a gabanka. Ka'ida ita ce a fara cuɗa wuri da omo da burushi, a ɗauraye, sannan a sa maganin kashe ƙwayoyin cuta, don datti na cinye ƙarfin magani. Watsa Izal ko bilic a kan ƙazanta turare ne kawai.

Duba jikin robar bilic ka ga ƙarfinsa. In an rubuta 3.5%, gwangwani ɗaya a zuba masa ruwa gwangwani 16, shi ke ba da kusan 0.2%, wanda ya dace da ƙasa, bango, ƙofa da butoci. In garin kulorin ne mai ƙarfin 65 zuwa 70%, babban cokali biyu a shafe, wato kamar giram 30, cikin lita 10. A bar shi a jiƙe minti 10 zuwa 15 kafin a kora. A haɗa sabo kullum, a ajiye a inuwa cikin roba mai murfi, rana na kashe shi. Robar da ba ta da takarda a jiki, ko bilic ɗin da ba ya ko warin bilic, ka rubuta babu magani.

Abu biyu ka hana da babbar murya. Kada a gauraya bilic da maganin wanke masai mai asid irin Harpic, hayaƙin da ke tashi na iya kayar da mutum a ƙuntataccen ɗaki. Kuma kada a riƙa tuttula magani mai yawa cikin rami da sunan kashe wari, yana kashe ƙwayoyin da ke narkar da kashin, rami ya yi saurin cika.

Mai wankin kansa

Ka ja shi gefe, ba a gaban maigidansa ba. Akwai wani dattijo da na taɓa tararwa sanye da safar hannu ja wur, ko alamar ninkinta ba ta baje ba. Na ce, "Baba, yaushe rabonka da albashi?" Ya dubi ƙofa, ya rage murya. "Wallahi ɗana, tun azumi ba a ba mu komi ba. Safar ga da kaka gani, yau da safe anka kawo ta." Tafin hannunsa duk ya tsattsage da magani. Wanda ba a biya ba, ko ya sayar da omon, ko ya tafi dako ya bar wurin, kuma ban ga laifinsa sosai ba. Don haka biyan ma'aikata da ba su safar hannu mai kauri, dogon takalmin roba da takunkumi, su shiga cikin abin da kake ba maki. Abin da ya faɗa maka kuma kada ka ce shi ya faɗa.

Rami da yasa

Duk wata ka sa a zura doguwar gora a auna. In saura rabin mita ya cika, lokacin yasa ya yi. Ka tabbata an yi kafin damina ta kankama a watan Yuni, don a Agusta ƙasa ta ƙoshi da ruwa, sokawe ba ya tsotsewa. Ranar yasa ka kasance a wurin. Kada a bar kowa ya shiga cikin ramin, iskar da ke ciki na sumar da mutum nan take, wanda ya bi shi ceto shi ma ya tafi. Kada a ƙyasta ashana a bakin rami. Ka tambayi inda mota za ta juye, in da hali ka bi ta. Kogin Sakkwato da ya bi ta gefen Gusau akwai masu sha daga gare shi a gaba. In akwai rijiya a ƙasa da mita 30 daga ramin, ka sa a rahoto, kada a sha ruwanta sai an tafasa ko an sa magani.

Maki da kuɗi

Takardar dubawa ta zama shafi ɗaya, abu goma, kowanne maki 0, 1 ko 2, jimla 20. Amma abu uku na kayar da wuri ko nawa ya ci: babu ruwa, ƙazanta ta malalo waje, ko an rufe ɓangaren mata. Ka cike a wurin, mai tsaron ƙofa ya sa hannu ko ya dangwala, ka tura wa ɗan kwangila hoton takardar da na ɗakunan ta WhatsApp a ranar. Rahoton da ya kwana uku a jakarka ya zama gardama.

Ƙarshen wata a haɗa makin, a fitar da matsakaici. Tsarin da nake ba da shawara: 16 zuwa sama a biya cif, 12 zuwa 15 a yanke kashi 10 cikin ɗari, ƙasa da haka a yanke kashi 25 tare da takardar gargaɗi, gargaɗi uku a karɓe wurin. Wannan ma sai yana cikin takardar da ya sa wa hannu. Karon farko ka faɗa masa da baki, gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Amma idan ɓera da sata, daddawa ma da wari: hukumar da ta riƙe kuɗin mutum wata huɗu ba ta da bakin yanke masa kashi goma. In an makara biya, ka rubuta shi a rahoton nan ɗaya, a layin farko.

Za a miƙo maka na goro. Ran da ka karɓa, biron ka ya zama nasa. Kuma a riƙa musanya masu dubawa duk bayan wata uku, ido wa ka raina, wanda nake gani kullum. A rubuta lambar wayar kai ƙorafi a bango da boko da ajami, da fenti, ba a takardar da za a yage ba.

Lokacin amai da gudawa kuwa, komai na ninkuwa. A 2021 an samu sama da mutum 100,000 da ake zaton kwalara ce a Najeriya, fiye da 3,000 suka rasu, Zamfara na cikin jihohin da abin ya fi shafa. Da ka ji ta ɓulla, zuwa ya koma kullum, a riƙa goge sakata, kan famfo da hannun buta bayan kowace awa biyu. Amai ko zawon da ya zube a ƙasa, a zuba masa mai ƙarfin 2%, wato bilic mai 3.5% gwangwani 4 da ruwa gwangwani 3, kafin a kwashe. Mai tsaron ƙofa ya san cewa in ya ga mai zawo fari kamar ruwan shinkafa, a ba shi ruwan gishiri da sukari a garzaya da shi asibiti, kai kuma ka sanar da jami'in sa ido kan cututtuka na ƙaramar hukuma, ko ka kira 6232, layin NCDC, hukumar yaƙi da cututtuka masu yaɗuwa ta ƙasa.

In wa'adin kwangila ya zo ƙarewa, kada a saki kuɗin watan ƙarshe sai ka ɗauko takardar ƙidayar ranar farko da hotunanta, kun sake zagayawa ɗaki-ɗaki. Ka fara da injin jan ruwa, ka duba lambar da ke jikinsa ko ita ce ka rubuta, sannan kawunan famfo, sannan ƙofofi. Abin da ya ɓace a cire kuɗinsa, a sa rami ya zama an yashe shi kafin sabon ɗan kwangila ya karɓi makulli.